Baffana Mai Awon Inuwa

Ranar Laraba da hantsi Baffa ya cika, yayan mahaifina, a ɗakinsa da ke tsohon gidanmu na Garwa, bayan jinyar kwana tara. Ana idar da azahar aka sallace shi. Wanda ya ba mu aronsa shekara tamanin da wani abu ya karɓi abinsa, mu kuma ba mu da ta cewa sai godiya, da roƙon ya yalwata masa makwanci.

Ni ina cikin gida wajen mata, saboda haka abin da ya faru a ƙofar gida labari aka ba ni. Na faɗi haka ne don da Baffa yana nan, tambayar da zai fara jefo mini ke nan: "Kin gani, ko an gaya miki?" To, an gaya mini 'yan moto, masu haya da babur, sun cika layinmu har masu mota suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci. An gaya mini kuma tsohon ladaninmu, wanda suka yi shekaru suna sa-in-sa da Baffa a kan lokacin azahar, ya zauna a dakali ya rufe fuska da hannun riga yana kuka, yana cewa, "Yanzu wa zai ce mini na yi sauri?"

Abin da na gani da idona kuwa, wata Bafillatana ce daga Pitowa, wadda yawancin matan ba su sani ba. Ta shigo da 'yarta, budurwa doguwa, farar rigar ma'aikatan jinya tana leƙowa ta ƙarƙashin hijabinta. Ta durƙusa gaban Inna, matar Baffa, ta nuna yarinyar, ta ce da Hausarta mai gauraye da Fillanci, "Modibbo ne ya ba ni wannan." Baffa ke nan, don Modibbo Fulani ke ce wa malami. Goggo, ƙanwar Baffa, har ta fara gyara zama tana ƙare wa hancin yarinyar kallo. Ni kaɗai na yi dariya a ɗakin makoki, don na san abin da matar take nufi, kuma zan zo kansa.

Ran sadakar uku rigima ta tashi. Yaya, babban ɗan Baffa, mai harkar manyan motoci a Ngawundere, ya buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon mahaifinsa don a san abin da aka bari. A sama littattafai ne na fiƙihu da tafsiri, waɗanda kowa ya sani. A ƙasansu sai ga takardu ɗauri-ɗauri, an ɗaure su da zare, sun kusa cika rabin akwatin. Kowace an ja mata layuka tsaye da kwance, an yi gida-gida, a kowane gida harafin Larabci ɗaya ko biyu da 'yan ɗige-ɗige, wani wurin da jan tawada. Babu kalma ko ɗaya da mutum zai karanta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga irin wannan, abu ɗaya ne zai faɗo masa a rai: hatimi.

Yaya ya yi kicin-kicin da fuska. Ya ce wannan kayan tsibbu ne, ba zai bar shi ya kwana a bayan mahaifinsa ba, ran sadakar bakwai zai cinna masa wuta kafin ya koma Ngawundere. Goggo ta dafe ƙirji ta ce sai dai a haɗa da ita a ƙona. Ita a wurinta albarka ce Baffa ya bar wa zuriya, har ta aika a nemo mata baduku, a yayyanka takardun a ɗinka wa jikoki layu. Ni kuwa na san ba hatimi ba ne. Inuwar rana ce ta shekara arba'in da ɗoriya, wadda Baffa ya auna ya rubuta. Yaya da ashana, Goggo da almakashi, ni kuma kwana huɗu gare ni in hana su.

Kakanninmu fatake ne daga Kano, suka biyo hanya har bakin Binuwai suka zauna. Baffa ya gaji shagon yadi a kasuwa, amma bai taɓa son sa ba. Yana saurayi ya yi shekara shida a Maruwa wajen wani Modibbo, ya karanci fiƙihu da nahawu, sannan malamin ya ƙara masa abin da sauran ɗalibai suke gudu, wato ilimin falaki da hisabi. Da ya dawo, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka dama siminti a tsakiyar tsakar gida, ya kafa rodi mai tsawon kamu guda a tsaye cak, ya ja layi daga gindinsa zuwa kudu da arewa. Idan inuwar rodin ta kwanta a kan layin, rana ta tsaya, da ta gota kuma azahar ta shiga. Yana da wata 'yar sanda daidai tsawon rodin, ya raba ta gida goma sha biyu yana kiran su yatsu, kowane yatsa kuma ya raba shi huɗu. Da ita yake auna tsawon inuwar kullum.

Mun tashi muna tuntuɓe da rodin nan. Babu wanda bai bar masa fatar ƙafa ba a gidanmu. In ka yi kuka, Baffa ba zai duba ƙafarka ba sai ya fara duba ko ka karkata masa ƙarfe. Mutum ne mai kafiya, ba na ɓoye wannan don ya mutu. In ka ce masa an ce za a yi ruwa, sai ya ce wa ya ce. In ka ce masa maganin wane yana aiki, sai ya ce mutum nawa suka sha, nawa suka warke, nawa kuma suka warke ba su sha ba. Masu tallan magani sun daina tsayawa a ƙofar shagonsa.

Faɗanmu na farko ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Kaina ya ɗau zafi da boko, ina ganin babu wanda ya kai ni. Na same shi durƙushe a gaban rodinsa cikin ranar Garwa mai narka kwalta, na ce masa, "Baffa, kana wahalar da kanka. Ga agogo. Ilimin kimiyya duk Turawa ne suka kawo, mu namu sai tsarki da alwala."

Bai ɗago ba sai da ya gama awonsa. Sannan ya ce, "Madam lissafi, darbejiyar can kamu nawa ce? Ban ce ki hau ba."

Na yi 'yan dabaru, na auna inuwarta, na auna ta rodin, na fitar masa da amsa ina hura hanci. Na ƙara da cewa ai wannan ma a littafinmu yake, wani Bagirke ne ya gano shi.

"Na yarda," in ji shi. "Ba na ƙwace wa mutum abinsa. Amma tsakanin Bagirkenki da malaminki na lise akwai shekaru masu yawan gaske. Wa ya riƙe abin a tsakani? Wa ya ƙara masa?"

Ranar ya hana ni cin abincin rana. Ya zaunar da ni a inuwar darbejiyar da na auna, ya ba ni labarin malaman Bagadaza da suka tattaro littattafan Yunanawa, mutanen Bagirken nan nawa, da Farisawa da Indiyawa suka mayar Larabci, suka gwada abin da ke ciki, inda ya yi daidai suka ce ya yi, inda ya kuskure suka gyara. Ya ce akwai waɗanda aka tura cikin sahara da igiyoyi, suka auna tazarar ƙasa suka auna tsayin rana, don su san girman duniya. Ya ce a manyan masallatan Sham da Misra har ma'aikaci ake ɗauka wanda ba shi da aiki sai fitar da lokaci da alƙibla. Ya ce aljebar ɗin da nake taƙama da shi, wanda ya tsara shi ya cika shi da misalan rabon gado da awon gona, don alƙalai su yi adalci. Ya ba ni labarin likitan da ya zauna a gefen marasa lafiya yana rubuta abin da ya gani kwana bayan kwana, har ya raba ƙyanda da agana, da na wanda ya shiga ɗaki mai duhu ya bar 'yar kafa ɗaya, ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba.

"Duk halinsu ɗaya da masu tace hadisi," in ji shi. "Wa ya gaya maka? Shi kuma wa ya gaya masa? Ya gani ko ji ya yi? Wanda ya iya wannan tambayar a masallaci ya iya ta a asibiti."

Na ce to me ya sa ba a koya mana haka ba. Ya ce wannan bai dame shi ba kamar wani abu. "Abin da ke ba ni haushi, mu yanzu sai mu zauna muna jero sunayensu kamar maroƙa a gidan biki, kakanninmu sun yi kaza, sun yi kaza. Ba wanda zai durƙusa ya auna ko da inuwar akuya." Yau shekara ashirin ina koyar da lissafi, kuma duk shekara sai na fitar da ɗalibaina rana sun auna bishiya, suna tsine mini a zuci.

Labarinsa da ladan kuwa, unguwa duka ta san shi. Wata shekara bayan Sallar layya Baffa ya dawo daga ziyara a Maruwa, ya ga ladan yana kiran azahar alhali inuwa ba ta kai layi ba. Ya aika masa. Washegari haka. Ya je da kansa ya ce masa yana sa mutane salla kafin lokaci, agogonsa na bango ya kai shi ya baro. Ladan ya ce shi agogonsa lafiyarsa ƙalau. Mako biyu ba sa gaisawa sai ta bakin liman. Ran kwana goma sha biyar wani abu ya ɗarsu a ran Baffa, ya ɗaura dutse a zare ya saki a gefen rodin, sai ga rodi a karkace. Da aka matsa bincike, Goggo ta amsa cewa ragonta na layya ta ɗaure a jiki kwana uku, da yake ba ta ga amfanin ƙarfe a tsakar gida ba in ba a ɗaure dabba ba.

Ana sallame la'asar Baffa ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ladan ne da gaskiya. Ni da rago ne muka yi kuskure, ragon kuma an riga an cinye shi, saura ni. Ku yafe mini." Daga nan ya tafi shago ya yanko shadda mai kyau ya kai wa ladan har gida. Bayan wata guda suka koma musunsu, amma wannan karon da dariya.

Ita kuma Bafillatanar Pitowa, shekarun baya ne, lokacin zafi, ina gida hutu. Ta shigo da yarinya 'yar shekara huɗu a goye, jikinta kamar garwashi, an ce mata akwai Modibbo a nan mai ba da rubutu. Baffa ya sa ta kwance ta a tabarma, ya sa hannu a ƙeyarta ya gwada sunkuyar da kan, wuya ya ƙi. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba. Ko hula bai saka ba ya fita ya tsayar da moto biyu. Matar tana ta cewa ita rubutu ta zo nema, ba asibiti ba, mijinta bai sani ba. Ya ce mata, "Addu'a zan yi ta a hanya, ba ta buƙatar mu zauna. Sanƙarau ne, allura yake so yau ɗin nan." Ya rungumi yarinyar a bayan moto, ya yini a asibiti, washegari ya tafi Pitowa da kansa ya yi wa mijin bayani. Yarinyar nan ce ta zo gaisuwa da farar riga.

Daga takardunsa ya lura cewa ciwon yana yawan zuwa ne idan inuwa ta gajarta zafi ya kama, kafin ruwan farko. Saboda haka duk shekara, da ta sauko ƙasa da yatsa uku, sai ya je wa liman ya ce a faɗa wa mutane: yaron da wuyansa ya sanƙare kada a kwana da shi a gida, kuma in masu rigakafi sun zo a fito da yara. Wasu suna cewa Modibbo ya zama ɗan aiken likita. Shi kuwa sai ya ce ai likitocin ne suke aikin da malamai suka fara.

Yanzu sai laifina, don ba zan rubuta na Goggo in ɓoye nawa ba. Sau uku Baffa yana ce mini in zo ya koya mini yadda ake karanta takardun nan. Da haruffa yake rubuta adadi, irin na malaman da, ɗige-ɗigen da jan tawadar kuma alamominsa ne da ya ƙirƙira don kansa, bai sa musu kan magana ba tunda shi ya san abinsa. Duk sanda ya ce in zo, sai in ce, "Baffa, sai an yi hutu." Hutu ya zo ya wuce sau nawa, ban zo ba. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Ran kwana biyar na sami Yaya a zaure na ce masa wallahi awon inuwa ne. Ya ce ya san rodi, ya san 'yar sanda, amma wannan daban, ya ga irinsa a hannun masu duba a tashar Ngawundere. Ya zaro takarda ɗaya ya miƙo mini. "Ke ce malamar lissafi. Karanta mini layi ɗaya."

Na kalli takarda, takarda ta kalle ni. Na gane harafin dal, na gane jim, na san lambobi ne, amma wane gida ne wata, wane ne rana, me ɗigo uku ke nufi, ban sani ba.  Da na rasa abin faɗa sai na hau shi da faɗa, na ce shi dai bai taɓa son abin da mahaifinsa yake so ba. Ban kyauta ba, kuma na ga maganar ta shige shi.

Ya karɓi takardar ya mayar cikin ɗaurinta. Sannan ya ce, "Ke kina tsoron a ƙona takarda. Ni ina tsoron abin da ake tambayar sa a inda yake kwance. In akwai abin da zan iya sauke masa, zan sauke." Idonsa ya kawo ruwa. A nan na gane ba ƙiyayya ba ce, shi ma son Baffan ne ya sa shi neman ashana.

Ran kwana shida da la'asar, da mata suka ɗan ragu, na shiga ɗakin Inna na zauna ina share hawaye. Tun rasuwar tana zaune a kan tabarmar takaba da carbinta, ba ta cika magana ba, mu kuma muna ta kaffa-kaffa kada rigimar ta kai kunnenta. Ta ce me ya faru. Na gaya mata.

"Takardun Malam?" Ta ajiye carbi. "Kwana uku kuna wannan, ba wanda ya ga ya dace ya tambaye ni?"

Na ce ba mu so mu tayar mata da hankali ba ne. Gaskiyar ita ce ba wanda ya kawo ta a rai. Inna ba ta yi boko ba, karatunta na allo ma bai yi nisa ba. Mun san ta da tuwo da miyar yakuwa da haƙuri da halin Baffa, shi ke nan.

Ta ce, "Gobe kafin rana ta tsaya, ki ce wa wancan ya shigo da akwatin tsakar gida." Wancan shi ne Yaya. Ɗan farinta ne, kuma Inna ta mutanen da ce, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shekara hamsin da biyu sai dai ta aika.

Ran Talata, bayan an yi addu'a an raba waina maza sun watse, Yaya ya shigo da akwatin, kwalbar kananzir a ɗaya hannun. Goggo ta fito ta tsaya da almakashinta a ƙugu. Inna ta fito daga ɗaki a lulluɓe, ta zauna a kujerar tsugunno kusa da rodin, ta fuskance ni kamar ni kaɗai ce a wurin.

"Ki ce masa ya ɗauko ɗaurin sama, na bara. Takarda ta biyu, watan biyu na Nasara ke nan, don Malam ya ce inuwa ba ta bin watan sama, rana take bi. Ya gangara gidan ƙarshe, daidai da ranar yau. Me ya gani?"

Yaya ya duba. Ya ce, "Jim, da ɗigo uku."

"Yatsa uku da rubu'i uku. Ki ce ya ɗauko na can ƙasa, wanda zarensa ya yi baƙi, ya duba wuri ɗaya."

Ya tono wani ɗauri da ya girmi auren Yaya kansa, takardar har ta yi ja. Ya duba ya ce, "Jim da ɗigo uku." Muryarsa ta sauya.

Ta ci gaba da yi mini bayani, shi yana ji. Jan ɗigo, ranar da aka ji yaro ya kwanta da sanƙarau a unguwa. 'Yar lanƙwasa a gefe, ranar da aka yi ruwa. Da Yaya ya ci karo da wasu gidaje goma sha huɗu da aka soke da layi ɗaya ya tambayi ma'anarsu, Inna ta ce, "Wannan a tambayi mai rago." Goggo ta sauke almakashi ta ce ita dai an sa mata ido a gidan nan.

Muka tsaya muna kallon inuwar rodin tana matsowa a hankali, zufa tana bin bayan kowa. Da ta hau layi, Inna ta zame daga kujera ta durƙusa, ta ɗora 'yar sandar Baffa a kai, ta danne ƙarshen inuwar da farcenta. Hannun da ya saba ne, babu lalube. Yaya ya sunkuya ya ƙirga zanen da kansa. Uku, da rubu'i uku. Daga masallaci ladan ya ɗan jira kaɗan, sannan ya ɗaga murya.

Na ce, "Inna, yaushe kika iya?"

Ta ce shekara shida ke nan gwiwoyin Malam sun ƙi durƙuso. Ita take aunawa ta faɗa, shi yana kan kujera yana rubutawa. Ba mu sani ba saboda tsakar rana ba wanda yake gida, kowa yana wajen nemansa. Ta ce da farko don kada ya dame ta da mita take yi, daga baya in hadari ya rufe rana har ba ta jin daɗin yinin.

Yaya ya ajiye kwalbar kananzir a bayansa kamar mai ɓoye abin kunya. Ya buɗe takardar bana, ya bi gidajen da yatsa har inda rubutun ya tsaya. Hannun Baffa na kwanakin jinya duk ya karkace, amma bai tsallake ko ɗaya ba har ran Talatar da ta wuce. Daga nan gidajen fayau suke. Ya ce a hankali, "Shekara arba'in ba giɓi, mun zo mun yi masa na kwana shida."

Inna ta ce in shiga ɗaki in ɗauko mata faifan da ke bayan ƙofa. Na ɗauko. An soke tsinkayen tsintsiya guda shida a jikinsa, a jere, kowane ya ɗan fi na bayansa tsawo kaɗan. Tunda ba ta iya rubutu ba, kullum in rana ta tsaya sai ta fito kamar za ta kewaya, ta karya tsinke daidai tsawon inuwar, ta koma ta soke. Muna cike da gidan, ba wanda ya lura.

Yaya ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Har da ranar?"

"Kuna ɗaki kuna yi masa wanka rana ta tsaya," in ji Inna. "Da me zan bari ta wuce?"

Goggo ta fashe da kuka. Ni ma haka, amma nawa har da farin ciki, don na san takardun sun tsira, kuma na san a wajen wa zan zauna in koya, ba sai an yi hutu ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya karɓi kowane gida da ya cike a matsayin ibada, ya haɗa shi da malaman da yake ƙauna bai taɓa gani ba.

Inna ta zare tsinken farko ta ɗora a kan 'yar sandar. Ta ɗago, ba ni ta kalla ba wannan karon. Ta dubi ɗanta a ido ta ce, "Kai ka iya rubutu. Zauna."

Yaya ya zauna a ƙasa, a kan simintin mai zafi, da babbar rigarsa. Ya karɓi alƙalamin mahaifinsa.

"Faɗa, Inna."

"Laraba," ta ce. "Huɗu da rubu'i."